Mma ta ajiye maganin suga saboda mai tausar ƙafa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Damuwata a kan mahaifiyata ce. Mma ta haura shekara 60, kuma rabin rayuwarta a tsaye ta yi shi a bakin tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, har ciwon suga da hawan jini suka zaunar da ita. Tun rasuwar Baba ƙafafunta suka matsa mata. Da dare tafin ƙafar yana yi mata raɗaɗi da zugi, wani lokaci kuma ta ce ba ta jin ƙasa sosai in tana takawa.

Wata uku da suka wuce wata aminiyarta ta kai ta wurin wata mata mai tausar tafin ƙafa, wadda ake kira rifleksoloji. Gaskiya tun da ta fara zuwa tana samun barci, fuskarta ta saki. Amma matar ta nuna mata wani zanen ƙafa a bango, ta ce inda Mma ke jin zafi in an danna, ƙodarta ce da hantarta suka toshe, wai in ta cika zama 20 sugan zai tafi, ba ta ƙara buƙatar ƙwayoyin asibiti. Na gano Mma ta daina shan maganinta kusan sati uku, ranar ganin likitanta ma ta wuce ba ta je ba. Kowane zama sidi 100 ne, yayana da ke Jamus ne ke turo kuɗin ta momo, wato asusun kuɗi na waya. Da na gaya masa sai ya hau faɗa, ya ce damfara ce, ba zai ƙara turo ko sisi ba. Mma ta yi kuka, ta ce na tona mata asiri, ta ce ba ma son ta samu sauƙi. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar take amsawa. Hajiya, in hana ta zuwa ne, ko in ƙyale ta? Kuma tausar nan tana da amfani da gaske?

Daga wata 'yar Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Mma lafiya. Kafin mu taɓa maganar tausa bari in fara da abin da ba ya jira. Mai suga da hawan jini da ta yi sati uku ba magani ba awo tana cikin haɗari, ko da tana cin abinci tana hira. Hawan jini ba ya sallama, mutum yana jin kansa garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Suga kuma a ɓoye yake cin ido da ƙoda da jijiyoyi. Saboda haka gobe, ba jibi ba, a auna mata suga da jini, ko a asibitin da take zuwa ko a famasi mafi kusa da ku. Idan kin lura tana yawan shan ruwa, tana tashi fitsari sau da yawa da dare, tana ramewa, idonta na ganin hazo, a wuce asibiti kai tsaye. In kuwa har ta fara gyangyaɗi marar dalili, ko magana ta rikice, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, wannan na sashen gaggawa ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Kada kuma ku ce za ku rama kwanakin da suka wuce ta hanyar ninka ƙwayoyi. A gaya wa likita gaskiya cewa ta tsaya na sati uku, shi zai faɗi yadda za a koma.

Ki kwantar da hankalinki kan maganar tona asiri. Ba ki yi laifi ba. Da kin rufe bakinki wani abu ya faru, da kin fi haka kuka, kuma da yayanki bai yafe miki ba. Abin da ya yi wa Mma ciwo shi ne maganar ta tsallaka teku kafin ta zo gabanta, ta ji an zauna a kanta ba ta nan. Wannan kam za ki iya ba ta haƙuri a kai, kuma za mu zo wurin.

Yanzu tambayarki: tausar tana da amfani? Tana da shi, kuma Mma ba ƙarya take yi ba da ta ce ta samu sauƙi. Ina son ki riƙe wannan da kyau, domin in kuka shiga wurinta da cewa duk yaudara ce, kun ƙaryata abin da jikinta ya shaida mata, ba za ta ƙara saurarenku ba. Matar da ta yi shekaru tana tashi tun kafin asuba tana hura wuta, tana tsaye har rana ta take, ƙafafunta sun sha wuya. Yau ga wani wuri da za ta kwanta, a wanke mata ƙafa, a shafa mai, a yi rabin sa'a ko fiye ana murza mata a hankali, ba mai kiranta, ba mai gaggawa. Dole jiki ya saki. Numfashi yana daidaita, bugun zuciya yana sauka, tsokar da ta ɗaure tana warwarewa, barci yana zuwa. Shi kansa raɗaɗin yakan lafa na ɗan lokaci, kuma akwai dalili. Kin ga yadda yaro in ya bugi kansa da ƙofa, uwa take saurin murza wurin da tafin hannu, kuka ya ragu? Saƙon shafa da saƙon zafi suna haɗuwa a cikin laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, in na shafa ya yi yawa sai ya tare wa na zafi hanya, zafin ya ragu. Masana biyu, Melzack da Wall, sun yi bayanin wannan tun 1965. Shi ya sa a Ingila cibiyoyin masu ciwon daji da gidajen kula da masu jinya ta ƙarshe da yawa suke ba da wannan tausar. Suna ba da ita don rage fargaba da gajiya da samun barci, a gefen maganin likita. Ba wanda yake cewa ta kashe ciwon.

Inda aka rabu shi ne zanen nan na bango. Tausar ƙafa al'ummomi da yawa suna da ita, mu ma kakanninmu da ungozomominmu sun yi ta da man kaɗe. Amma taswirar da ta ɗora gaɓoɓin jiki a tafin ƙafa daga Amurka ta fito, kuma ba ta daɗe can can ba. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, William Fitzgerald, shi ne a 1913 ya zo da ra'ayin cewa jiki ya kasu layi goma daga kai zuwa yatsu, in aka danna wani wuri a layi sauran layin zai amsa. A shekarun 1930 wata mai aikin gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta faɗaɗa ra'ayin, ta zana jiki duka a tafin ƙafa: babban yatsa shi ne kai, tudun da ke ƙasan yatsu ƙirji, tsakiyar tafi ciki da hanta da ƙoda, dunduniya kuma ƙugu. Daga nan zanen ya bazu duniya har ya iso bangon shagon da Mma ke zuwa. Sai dai masu ilimin jikin ɗan Adam, da suka bi jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ba su ga wata hanya da ta tashi daga tsakiyar tafin ƙafa ta nufi ƙoda ita kaɗai ba. Zanen ma in kika tara na makarantu daban-daban za ki ga ba su yi daidai da juna ba.

An kuma gwada. A shekarar 2000 a Ingila an sa masu wannan sana'a su duba ƙafafun mutanen da likitoci suka riga suka san ciwonsu, ba tare da sun yi hira da su ba. Ba su iya gano ciwon ba, kuma abin da wannan ya faɗa ya saɓa wa na wancan. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan rifleksoloji, ya ce ba su nuna gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta ba. Gwamnatin Ostareliya ma ta sa an yi nata nazarin a 2015, ita ma ba ta samu hujja bayyananniya ba. Wani abin da ya ja hankalina shi ne, a gwaje-gwaje da dama da aka kwatanta tausa mai bin taswira da tausar ƙafa ta yau da kullum, sauƙin da mutane suka samu kusan ɗaya ne. Ni a wurina wannan labari ne mai daɗi a gare ku, don yana nufin alherin yana cikin hannu da natsuwa da lokacin da aka ba mutum, abubuwan da ke ma kina da su. Amma babu dannar da za ta sauke suga ta maye gurbin magani. Zama 20 ko 200, ba zai yi ba.

Zafin da Mma ke ji in an danna tsakiyar tafinta kuwa yana da bayani mafi kusa da ƙoda. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, da gaɓoɓi da jijiyoyi masu yawa, kuma tata ta ɗauki nauyin shekaru a kan siminti. Ga kuma sugan da ya taɓa jijiyoyin. In ana son sanin lafiyar ƙodarta, gwajin jini da na fitsari ne ke faɗa, kuma mai suga da hawan jini ya kamata a yi mata su aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku roƙi likita ya rubuta, tunda an riga an jefa mata tsoron ƙoda a zuciya, sakamakon zai fi kowace magana kwantar mata da hankali.

A nan nake son ki tsaya da ni sosai, domin kalma ɗaya a wasiƙarki ta fi tayar mini da hankali fiye da maganar kuɗin: kin ce wani lokaci ba ta jin ƙasa. Raɗaɗin dare da mutuwar tafin ƙafa alamu ne da aka sani na jijiyoyin da suga ya lalata. Ƙafar da ba ta ji ba ta iya kai ƙara. Tsakuwa za ta shiga takalmi a yini da ita, ƙusa ta soki tafi, ruwan zafi ya ƙona fata, mai ƙafar ba ta sani ba sai an ga jini ko an ji wari. Kuma rauni a ƙafar mai suga ba ya saurin warkewa, musamman in jini ba ya gudu sosai. Wani babban nazari na 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu suga za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu. A zangonninmu duk mun san wata ko wani da abin ya fara da ɗan ƙurji a yatsa ya ƙare da yanke ƙafa. Ban faɗi wannan don in firgita ki ba, sai don ki ga dalilin da ya sa tausar da ba ta da illa ga ni da ke za ta iya zama illa ga Mma in hannun ya yi ƙarfi. Wasu masu sana'ar suna danna tafi da ɗan sanda, wasu suna jiƙa ƙafa a ruwan zafi, wasu suna sa ta cikin na'ura mai ɗumi, wasu suna kankare kaushi da reza. Duk waɗannan ba na ƙafarta ba ne. In kuma an ce ta sa ƙafa a wani baho mai lantarki da ruwansa ke komawa ja ko baƙi wai dafi ne ke fita, ki sani ƙarfen da ke cikin ruwan gishirin ne ke tsatsa, ko ba ƙafa a ciki ruwan zai canza.

Don haka in kun je asibiti, ki ce a duba ƙafar, a cire takalmi a duba. Gwajin ba shi da wuya. Nas za ta ɗauko wani siririn zare na roba, ta ce Mma ta rufe ido, ta taɓa ƙasan babban yatsa da shi har ya lanƙwashe, ta tambaya ko ta ji, sannan ta matsa zuwa wasu wurare a tafin. Za ta kuma laluba bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Mintuna kaɗan ne, amma shi ne zai nuna ko tausa ta halatta da kuma irin ƙarfin da ƙafar za ta ɗauka. Idan akwai rauni, ko kumburi, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya zafi, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ba tausa ko kaɗan sai likita ya gani, domin na ƙarshen nan yana iya zama gudan jini ne a jijiya, murza shi haɗari ne. In abin ya fi ƙarfin asibitinku za su tura ku asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gii, akwai sashen masu suga a can. Ki kuma gaya wa likita raɗaɗin daren da bakinki, don iyayenmu in sun shiga ɗakin likita sai su ce da sauƙi. Akwai magungunan da aka tanada don irin wannan raɗaɗi na jijiya, irin su amitriptyline da pregabalin, likita ne zai zaɓa mata. In kuma maganin suga mai suna metformin take sha shekara da shekaru, ki tambaya a duba mata sinadarin B12, domin maganin yakan rage shi, ƙarancinsa kuma yana ƙara wa jijiyoyi ciwo.

Ita mai tausar, ba zan yi saurin kiranta 'yar damfara ba. Da yawa daga cikinsu abin da aka koya musu a kwas na 'yan makonni suke maimaitawa da zuciya ɗaya, kuma ga dukkan alamu hannunta yana da kyau, tana kuma mutunta tsofaffi. Amma cewa mai suga ta ajiye magani ya wuce gona da iri, ko da kyakkyawar niyya aka faɗe shi. Shawarata ki raka Mma zama na gaba, bayan an ga likita. Ki gaishe ta da mutunci, ki gode mata don barcin da Mma ta samu, sannan ki tambaye ta a gaban Mma: Anti, shin kin ce ta bar maganin asibiti? Mai yiwuwa ne ta ce ba haka ta faɗa ba, don wanda ya gaji da ƙwaya yakan ji abin da yake son ji. In ta janye maganar a gaban Mma, kin samu abin da faɗan yayanki bai samo ba, domin bakin da ya ɗaura shi ne ya kwance. Daga nan sai ki faɗa mata sharuɗɗan likita: hannu kawai, a hankali, a duba ƙafa kafin a fara da bayan an gama. Ki tambaye ta inda ta yi karatu da kuma ko tana da rajista. Akwai hukumar kula da masu maganin gargajiya da dokar ƙasa mai lamba 575 ta shekarar 2000 ta kafa, ita ke ba su lasisi, kuma wurinta ake kai ƙorafi. Idan kuwa ta dage cewa tausarta ta isa, ko ta fito da wasu kwalabe tana cewa su ne madadin maganin, to kun gama da wannan shagon. Ku nemi wata, ko ku koma gida.

Yayanki kuma ki yi masa uzuri. Yana nesa, ba ya iya ɗaukarta a mota, ba ya iya zama kusa da ita, kuɗin nan shi ne kawai hannunsa da ke isa gare ta, sai aka ce masa da hannun nasa aka raba ta da magani. Tsoro ne ya fito masa a faɗa. Gaskiyarsa ce cewa alkawarin warkewa ƙarya ne. Amma rufe momo ba zai mayar da ita asibiti ba. Abin da zai faru shi ne ta sayar da atamfa ɗaya daga cikin akwati ko ta ci bashi a adashi ta ci gaba da zuwa a ɓoye, ku kuma ku rasa sanin halin da take ciki. Ki kira shi lokacin da ya huce, ki ce Yaya, kada ka yanke, mu canza wa kuɗin hanya. A fara da magani da gwaje-gwajen da inshora ba ta ɗauka ba, a sayi na'urar awon suga da ta awon jini a ajiye a gida, a saya mata takalmi rufaffe mai laushi mai faɗin gaba. Abin da ya rage a biya tausa sau biyu a wata, in likita ya yarda. Ke kuma ki ɗauki nauyin rubuta awon a littafi ki riƙa tura masa hotonsa ta WhatsApp duk Juma'a. Mutumin da ke ganin lambobi da idonsa ba ya yawan zargi. Sannan ki roƙe shi ya kira Mma da kansa ya ba ta haƙuri kan ɗaga murya, ba tare da ya sake buɗe shari'ar ba.

Saura Mma, wadda ita ce mai ƙafar kuma ita ce mai yanke hukunci. Kalmar hanawa ki cire ta daga bakinki. Uwa ba a hana ta, lallashinta ake yi. Ki je da safe ke kaɗai, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Mma ki yafe mini, ya kamata in fara zuwa wurinki kafin in kira Yaya, tsoro ne ya kama ni. Kada ki ce kin yi kuskuren damuwa, don ba kuskure ba ne. Sannan ki yi mata tambayar da nake jin har yanzu ba wanda ya yi mata: me ya gundure ta da maganin? Wataƙila yana ɓata mata ciki, wanda sananne ne ga metformin kuma likita yana iya gyara yadda ake shansa. Wataƙila layin asibiti ne, a fita tun duhu a dawo da la'asar don ganawar minti biyar. Wataƙila kuma kalmar nan ce ta har abada, cewa za ta sha ƙwaya har ƙarshen rayuwa, sai ga wata ta ce mata zama 20 kawai. Kowa zai so ya ji haka. In kin san dalilin, kin san abin da za ki gyara.

Ki kuma ba ta hanyar dawowa da mutuncinta, kada ya zama an kayar da ita. Ki ce Mma, ki ci gaba da tausarki, ki koma kan maganinki, mu bar awo ya raba gardama. Akwai gwajin jini da ake kira HbA1c, yana nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku da suka wuce, ba na safiya ɗaya ba. In lambobinta suka yi kyau suka zauna, likita da kansa yana iya rage mata magani, kuma barci mai kyau da raguwar damuwa da ɗan tattaki suna cikin abubuwan da ke taimaka wa hakan. In ta ƙi jin taki, ki nemi wanda take jin nauyinsa, ƙanwarta ko malamar makarantarsu ta mata ko limamin unguwa, ya tuna mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Aminiyar nan da ta kai ta shagon ma kada ku mayar da ita abokiyar gaba, ku jawo ta, ita ce za ta fi kowa iya cewa Hajiya sha maganinki mu tafi.

Akwai kuma abin da na karanta a tsakanin layukan wasiƙarki. Kin ce ƙafafun sun matsa mata tun rasuwar Baba. Matar da layi guda ke jiran waakyenta kowace safiya, kowa na kiran sunanta, yau tana zaune a ɗaki, mijin ya tafi, sana'ar ta tafi, ɗa yana Turai, ke kina gidanki. A sati, wa yake taɓa jikinta? Wa yake zama da ita rabin sa'a ba waya a hannu? Ina kyautata zaton rabin abin da take biya a shagon nan wannan ne. Shi ya sa nake son ki karɓi wani kaso na aikin da hannunki. Sau biyu ko uku a sati, bayan isha'i, ki shimfiɗa tawul a cinyarki ki ɗora ƙafarta. Ki fara da kallo, da fitila mai haske: tafi, dunduniya, gefen farce, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ki narkar da ɗan man kaɗe a tafin hannunki, ki shafa daga yatsu zuwa idon sawu, ki murza tafin da babban yatsanki a hankali, ƙarfin da ba zai bar shaida a fata ba. Kada ki sa mai a tsakanin yatsu, wurin yana son bushewa. Ki bar ta ta yi hira, ko ta Baba ce, ko ta kasuwa. In kina da 'ya mai hankali ki koya mata, jika da kaka sun fi kowa iya wannan zaman. In kuma kin ga baƙin cikin ya ƙi sakinta, ba ta son abinci, ba ta son mutane, shi ma ki faɗa wa likita, yana da magani.

Alwala ma taimako ce babba in an lura. Sau biyar a yini tana wanke ƙafa, to sau biyar ke nan da za a iya ganin abin da ya canza. Abin da ake mantawa shi ne tsanewa. A zuba ruwa daga buta, a zura silifa da danshi, sai tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya yi fari ya jiƙe ya tsage, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Ki ajiye mata ɗan tawul mai laushi kusa da butar. In za a ɗumama mata ruwa lokacin hunturu, wani ya gwada shi da gwiwar hannu tukuna. Kada ta taka tsakar gida ba takalmi, ta kuma zazzage takalmin ta laluba cikinsa kafin ta sa. Masu yawo da almakashi suna yankan farce a bakin titi, ta haƙura da su, ke ki yanke mata a miƙe ba tare da shiga kwana ba. Lalle mai duhu a tafi da yatsu yana ɓoye canjin launin fata, gara ta rage shi, ko ta bar shi a hannu. Duk ranar da kika ga ƙurji, ko tsaga mai ruwa, ko wuri ya yi baƙi, ko da ba ya mata ciwo, a ranar za a kai ta, ba a jiƙa ba, ba a barbaɗa komai ba.

Ranar da za ku tafi asibiti ki haɗa duk kwalayen magungunanta a leda, har waɗanda ta ajiye da duk wani na gargajiya da take sha, ki sa ta sanya takalmin da ta fi yawo da shi don nas ta gan shi. Ki duba katin inshorarta tun yau, in ya ƙare ana sabunta shi ta waya da *929#, kada ku isa can a ce ku koma. In kun dawo ki rubuto mini abin da awon ya nuna da abin da aka ce game da ƙafar, da kuma amsar da mai tausar ta ba ki, sai mu ga mataki na gaba. Ki gaishe mini da Mma.